Garken Bobbo na Cikin Ruwa

Ni na kawo wa Bobbo kifin nan, kuma da tsokana na kawo su. Gara in faɗa da bakina tun farko, kafin wani ya riga ni.

Bobbo maƙwabcinmu ne a bayan Kasuwar Shanu ta Potiskum. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na kakata Yakaka, wadda ta rene ni. Bafulatani ne dogo siriri, in ya tsaya cik sai ka ce sanda aka kafa aka rataya mata riga. Ya haura sittin. A dajin Gadaka aka haife shi, a bayan shanu ya girma, kuma an ce akwai lokacin da garkensa ya kai saba'in. Annobar bushiya, cutar shanun nan, ta tamanin da uku ta share su cikin wata biyu. Ya shigo gari da matarsa Gogo, da sandarsa, da ƙwarya huɗu. Tun daga nan aikinsa duba shanun mutane. Mai saye zai kira shi, ya buɗe bakin sa ya dubi haƙora, ya shafa ƙirji, ya zagaya baya, sannan ya ce saya ko kar ka saya. Dillalai sun ce bai taɓa kuskure ba, shi ya sa rabinsu ba sa son ganinsa. Gogo kuwa fura da nono take sayarwa a bakin kasuwar.

Mu Barebari ne, kun kuwa san abin da ke tsakaninmu da Fulani. Shekara goma sha ɗaya babu safiyar da Yakaka ba ta ɗaga murya ta kan katanga ba.

"Fulata, ka kwana? Ko yunwa ta ɗauke ka cikin barci?"

"Na kwana, baiwata," in ji Bobbo. "Ki gama shara ki zo ki share nawa."

Da wannan unguwa take sanin gari ya waye lafiya.

Ni kuwa, Babagana, a aji biyu na sakandare na yi sallama da boko, shi ma bai riƙe ni ba. Na taɓa ɗinki, na taɓa facin taya, daga baya na zama yaron motar wani direba Halliru, muna kai shanu Legas. A wata tafiya cikin casa'in da huɗu na ga wani mutum a bakin titi a Legas yana sayar da kifin ado a leda, yawancinsu jajaye kamar an tsoma su a manja, kowanne bai wuce yatsa ba. Nan take Bobbo ya faɗo mini a rai. Mutumin da ba ya cin kifi, ba ya zama inda ake soya shi, in ya wuce masu banda sai ya toshe hanci da rawani. Na saya goma sha biyu, na yanke kan jarka na zuba su. Ɗaya ya mutu kafin mu iso Bauchi.

Sai da na bari majalisar ƙofar gida ta cika bayan La'asar, sannan na dire jarkar a gabansa.

"Baffa, ga shanu na kawo maka. Ba sa cin ciyawa, ba sa shiga gonar kowa, bushiya ba ta san su ba."

Majalisa ta kwashe da dariya. Ni jira nake ya ɗaga sanda in ruga. Bai ɗaga ba. Ya sunkuya ya leƙa jarkar, ya daɗe yana kallo har dariyar ta mutu da kanta.

"Sha ɗaya ne," ya ce. Ya nuna da yatsa. "Waccan babbar ita ke jan su. Kun gani? In ta juya sai su juya."

Ya ɗauki jarkar da hannu biyu ya shige gida, ya bar ni tsaye da sauran dariyata a baki.

Washegari ya fara haƙa a ƙarƙashin bishiyar maina, wato darbejiya, da ke bayan ɗakinsa. Taku huɗu tsawo, uku faɗi, zurfi zuwa cinya. Ya kira magini ya shafe da siminti. Ina kan katanga ina kallo lokacin da suka yi gardama. Magini yana son ya tayar da gefe huɗu a miƙe kamar tanki. Bobbo ya ce a'a, gefe ɗaya sai an kwantar da shi, a yi gangara.

"Ka taɓa ganin mashaya babu gangara?" in ji shi. "In ɗan maraƙi ya faɗa, ta ina zai fita?"

"Baffa, kifi ne fa."

"Ni na ce maka jaki ne? Yi abin da na sa ka."

Magini ya yi gangara. Aka cika ruwa aka kwashe har sau uku saboda ɗacin siminti, kamar yadda mutumin Legas ya gaya mini, kuma duk da guga Bobbo ya ja ruwan daga rijiya, bai yarda ɗan garuwa ya taɓa ba. Ranar da ya sake su cikin kududdufin ya raɗa wa kowanne suna. Babbar ja ita ce Rahaji. Farar Bunaji. Mai ɗigon fari a goshi Wule. Ƙaramin cikinsu Auta. Sauran na manta, amma an ce duk sunayen shanunsa ne da suka mutu. Sati na biyu na tarar da shi yana dakan kanwa zai ba su, wai garke ba ya ƙiba sai da kanwa. Da kyar ni da Gogo muka raba shi da turmin.

Safe da yamma zai tsuguna a bakin gangarar nan cikin farar rigarsa, ya kaɗa harshe irin kiran shanu, ya watsa dusa da gara. Da farko gudu suke yi. Kafin wata guda, da sun hango farin rigar sai su taso su taru a ruwa mara zurfi, har suna taɓa masa yatsu. Sai ya miƙe ya saɓa sanda a kafaɗa, ya rataya hannuwa a kanta, leɓensa na motsi. Ƙirga yake yi. Gogo ta gaya wa Yakaka cewa tun tamanin da uku ba ta ji shi yana waƙa ba sai yanzu.

Ana cikin haka balbela ta zo. Balbela ba baƙuwa ba ce a unguwarmu, kasuwar shanu cike take da su, suna bin ƙafafun shanu suna tsintar fara da kaska. Amma ba su taɓa sauka gidan kowa ba. Wata safiya sai ga ɗaya, fara tas, ta sauka kan katangar Bobbo, ta dubi nan ta dubi can, ta diro tsakar gida. Na ga fuskar tsohon nan a lokacin. Da ta tashi sai ya juyo wajena.

"Ka gani, Babarbare?" ya ce. "Ba ta sauka sai inda garke yake. Ta gane ni."

Na sa mata suna Hajiya, saboda fararen kaya da tafiyar ƙasaita. Shi ma ya kama kiranta haka. Har fara yake kamowa ya watsa mata.

Ranar wata Laraba, ranar babbar kasuwa, ya dawo da yamma ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Goma. Ya sa hannu ya laluba ƙasan ruwa, babu gawa. Bayan kwana uku, tara. Laraba ta zagayo, takwas.

Bobbo ya yi abin da ya iya. Ya tafi hanyar Nangere da gatari, ya saro ƙaya ya jawo ta har gida, ya kewaye kududdufin da shinge mai kai ƙirji, irin wanda ake yi wa maruƙa saboda kura. Sannan kowace safiya kafin ya fita sai ya watsa rairayi mai laushi ciki da wajen shingen, ya share shi sumul, don duk abin da ya taka ya bar sawu. In ya dawo sai ya tsuguna ya karanta ƙasa kamar allo. Ya nuna mini ranar farko.

"Wannan jelar ƙadangare ce, ba ruwansa. Wannan mai yatsu uku na Hajiya ne, ruwa ta zo sha." Ya matsa gaba, ya tsaya. "Wannan fa?"

Sawun kyanwa ne, a wajen shinge. Kyanwa ɗaya ce a layinmu, ta Yakaka, wata tsohuwa mai ido ɗaya wadda ko ɓera sai ya yi mata alfarma take kama shi.

"Baffa, a waje sawun yake."

"Ta reshen maina take dira."

Kifi suka koma shida. Safiyar da ta biyo baya Yakaka ta ɗaga murya kamar kullum.

"Fulata, an ce shanunka suna ƙarewa. Ko ka fara ci ne a ɓoye?"

Can sai muka ji muryarsa, a hankali, da ladabi.

"Ina kwana, Hajiya Yakaka. Ina roƙon arziki a riƙe kyanwar gidan nan. In na same ta a wajen ruwana ba zan tambayi mai ita ba."

Yakaka ta tsaya da tsintsiya a hannu. Da zaginta ya yi da ba ta ji komai ba, shekara goma sha ɗaya suna yi. Ladabin ne ya kashe mata jiki. Ta shiga ɗaki ta kama kyanwar, ta kife ta da babban kwando, ta ɗora dutsen niƙa a kai. Sati guda ya wuce kyanwar nan tana ta kuka a ƙarƙashin kwando, ba ta ga rana ba. Tun daga ranar kuma babu wanda ya yi magana ta kan katanga. Maƙwabta suka fara tambayata ko wani ba shi da lafiya.

A cikin satin nan kifi biyu suka sake ɓacewa. Saura huɗu.

Bobbo ya daina waƙa. Ya daina cin abincin kirki, in ji Gogo. Da yamma zai tsaya a bakin ruwa ya ƙirga huɗu, abin da ko jariri zai gani da kallo ɗaya, ya sake ƙirgawa, ya sake. Gogo ta same ni a bakin rijiya ta rage murya.

"Babagana, haka ya yi a tamanin da uku. Kullum yana ƙirgawa suna raguwa. Ranar da ta ƙarshe ta faɗi wata uku bai yi magana ba. Ni na san ba zai iya na biyu ba." Ta dube ni. "Kuma ya fara cewa, in kyanwa na kulle, wane ne kuma ya saba hawa katangar nan?"

Duk unguwa ta san wanda ya saba hawa katangar nan.

Laraba ta gaba na ƙi bin mota. Na lura ranar da gidan ya zama babu kowa aka fi yin ɓarnar, Bobbo yana kasuwa, Gogo tana wajen nono. Na hau katanga ta gefen da ganyen maina ya rufe, na lafe. Hantsi ya yi, rana ta fara cizo, ƙafata ta mutu. Har na fara tunanin sauka sai ga Hajiya. Ta sauka cikin shingen kai tsaye daga sama, ƙayar nan ko kallonta ba ta yi ba. Ta taka gangara a hankali, ruwa ya kai mata rabin ƙafa, ta tsaya kamar an dasa ta. Kifin nan da suka hango fari sai suka taso da gudu, suka taru a gabanta suna buɗe baki. Wuyanta ya yi ƙasa sau ɗaya. Da ta ɗago Bunaji na bakinta.

Na yi ihu na diro. Na tsallaka ƙayar ta yage mini wando, na faɗa cikin shingen, amma ta riga ta tashi, ina ganin ƙullutun yana gangara a wuyanta. Na tsaya ina haki. Sai da na dubi ƙasa hankalina ya tashi. Rairayin da Bobbo ya share sumul, ga sawun takalmina na roba ko'ina a kai, har bakin ruwa.

Na yi tunanin sharewa. Amma mutumin da ke gane sawun saniyarsa cikin na ɗari, shi zan ruɗa da tsintsiya? Na zauna a ƙofar gidansa na jira.

Da ya dawo na bi shi ciki ina magana, bai saurare ni ba. Ya dubi ƙasa. Ya dubi ruwa. Ya dubi ƙafata.

"Uku," ya ce.

"Baffa, wallahi Hajiya ce. Da idona na gani. Korar ta na shigo yi."

"Balbela."

"Ita."

"Shekara hamsin ina kwana ina tashi da balbela. A bayan saniyata take tsayawa. Kaska take cire mata. Uwata ta hana mu jifanta tun ba mu san hannun dama ba. Ka rasa wanda za ka ɗora wa sai ita?" Ya matso, idonsa ja. "Ka kawo su don a yi mini dariya, an yi. Yanzu kana ɗauke su ɗaya ɗaya don a ƙara. Wasa ne, ko? Wasan Barebari?"

Ni da bakina ba ya mutuwa, ranar nan na nemi magana na rasa. Duk tsokanar da na taɓa yi masa ta tsaya tsakanina da shi. Da kyar na ce, "Kar ka je kasuwa Laraba mai zuwa. Ka zauna a ɗaki ka gani."

Bobbo bai taɓa fashin Laraba ba tun da ya shigo gari.

"Zan zauna," ya ce. "Kai ma za ka zauna, a gabana, inda nake ganin hannunka. In ba abin da ya zo, na san ɓarawona. Daga nan sai gidan mai unguwa, kuma katangar nan sai na ƙara mata bulo biyar."

Kwana shida na tsakani Gogo ba ta fita ba, ta zauna gadin ruwa, ba abin da ya ɓace. Wannan bai taimake ni ba. Ni ma a kwanakin ina gaban idon Yakaka, ta hana ni ko zuwa tasha.

Laraba da safe Gogo ta ɗauki ƙwaryarta ta fita kamar kullum. Bobbo ya share rairayi, ya ja ƙofar gida, muka shiga ɗakinsa ya saki asabari. Ta tsakanin karan muna ganin kududdufin, taku goma sha biyu daga inda muke. Ya zauna a kan buzu, sanda a kan cinya. Ni ina gefe a ƙasa.

Ɗakin zafi kamar tanda. Daga kasuwa muna jin kukan shanu da ihun masu lodi. Gumi yana bin bayana, ƙuda ya sauka a hancina na kasa kore shi, don duk motsin da na yi sai Bobbo ya juyo. Awa guda. Ƙadangare ya zo ya yi ta gyaɗa kai ya tafi. Awa biyu. Na fara lissafin abin da zan gaya wa mai unguwa. Na yi addu'ar da ban taɓa yi ba, wai Allah Ya sa tsuntsuwa ta ji yunwa.

"Rana ta kusa tsaka," in ji Bobbo, bai dube ni ba.

"A ƙara kaɗan, Baffa."

"In aka kira Azahar na tashi."

Inuwar maina ta tattare ta koma gindinta. Na ji ladan yana gyara lasifika, tana ƙara. Bobbo ya dafa ƙasa zai miƙe. Sai wata inuwa ta gilma a kan rairayi.

Ta sauka kan katanga tukuna. Na ji Bobbo ya saki numfashi, irin na wanda ya ga ɗan'uwa. Ta gyara fiffike, ta dubi ƙofar ɗaki, ta dubi madafa. Ta diro cikin shinge.

"Ruwa za ta sha," ya raɗa.

Ta taka gangarar. Ƙafa ɗaya, ta tsaya. Ɗaya kuma. Ruwa ya kai mata rabin ƙafa. Ba ta sa baki a ruwa ba, ta lanƙwasa wuya ta tsaya cik. Daga can ƙasa sai ga ja yana tasowa. Rahaji ce a gaba, Wule da Auta na biye, suna kaɗa jela, suna zuwa wajen farin da suka saba.

Na ji sandar ta bar cinyarsa.

"A'a," ya ce, can ƙasan maƙoshi. Ban san da wa yake ba, da kifin ko da tsuntsuwar.

Wuyan ya sauka. Ruwa ya fantsama. Ta ɗago da Rahaji a gicciye a bakinta, tana fizge-fizge. Ta yi girma, ba ta haɗiyuwa da sauƙi. Hajiya ta fito kan rairayi tana jujjuya ta don ta daidaita kan.

Bobbo ya yaye asabari ya fita. Na taɓa ganin sandar nan a kasuwa, ya jefi ƙafar bijimin da ya tsinke daga taku talatin ya kayar da shi. Wannan taku goma sha biyu ne. Ya ɗaga hannu. Hannun ya tsaya a sama. Tsuntsuwar ta dube shi da ido ɗaya, ba ta ko tsorata ba, ai mai ba ta fara ne. Ta ɗaga kai, kan Rahaji ya shiga bakinta.

Ya saki sandar. Ta wuce ta gabanta da kamu ɗaya, ta daki ƙayar shinge da ƙara. Hajiya ta yi tsalle, ta buɗe baki, ta tashi. Rahaji ta faɗo kan rairayi mai zafi.

Ban san tsoho yana gudu haka ba. Ya ratsa ƙayar da shi ya kafa, ta kama rigarsa ta yage masa hannu, ya durƙusa ya ɗauke ta da tafi biyu ya shiga ruwa da rigarsa. Ya riƙe ta a ƙarƙashin ruwa. Rairayi ya wanke, ga rauni a gefenta, ɓawon ya saɓule. Ba ta motsi. Ta kwanta a gefe ɗaya a tafinsa. Yana kai ta gaba yana dawo da ita, yana kaɗa harshe a hankali. Ladan ya kira salla ya gama. Jinin hannunsa yana bin ruwan.

Sai jelar ta motsa. Ta sake motsawa. Ta miƙe a karkace, ta zame daga hannunsa ta yi ƙasa.

Ya daɗe a tsugune cikin ruwan. Ya dubi gangarar, ya dubi farar rigarsa da ta jiƙe.

"Ni na yi mata hanya," ya ce. "Ni kuma na koya musu zuwa."

Na ɗauko masa sandar. Bakina da ya fara dawowa ya ce, "Baffa, ka kuskure ta fa."

Ya karɓa bai dube ni ba. "Hannu ne ya tsufa."

Ban sake tayar da maganar ba har yau.

Kafin La'asar ya kira magini. Aka kwashe kifi uku a babbar ƙwaryar Gogo, aka fasa gangara, aka tayar da gefen a miƙe, aka ƙara zurfi. Magini ya buɗe baki zai ce wani abu, Bobbo ya dube shi, ya rufe. Aka kafa itace huɗu aka shimfiɗa ragar waya irin ta kejin kaji a sama. Gogo ta kawo tsohon tulunta da ya fashe a gindi ta kwantar a ƙasan ruwa, don su sami wurin ɓuya. Ƙayar shingen kuwa ita ta zama itacen da ya dafa mana tuwo sati guda. Bobbo kuma ya daina kiran su da farar riga, sai da wata tsohuwar shuɗiya.

Washegari da safe Yakaka tana shara, shiru kamar yadda aka saba a kwanakin. Sai ga murya ta kan katanga.

"Baiwata! An ce kin kulle 'yar'uwarki a kwando. Sake ta mana, ai ita kaɗai ce mai hankali a gidan nan."

Yakaka ta jingina tsintsiya. Na ga ta share ido da bakin zane kafin ta amsa.

"Fulatan da tsuntsu ya yi wa sata da rana tsaka yana kallo, shi ne mai maganar hankali?"

Ni ban sami ban-haƙuri ba. Abin da na samu ƙwaryar kindirmo, Gogo ta miƙo ta kan katanga ta ce in ji Baffanka.

Hajiya ta ci gaba da zuwa. Ta sauka kan ragar sau biyu, ta ga ba hanya, ta koma katanga. Bobbo bai kore ta ba. Ya ajiye mata kasko da ruwa a can bakin zaure, nesa da maina, kuma har yanzu in ya kama fara yana watsa mata, amma ba ya kallon ta in tana ci.

Rahaji ta warke, tabon ya zama fari a gefenta. Bayan damina biyu, wata safiya Bobbo ya ƙwala mini kira, na hau katanga. Yana tsugune ya ɗage gefen raga, yana nuna bakin tulun. Wasu ƙananan abubuwa ne kamar tsinken tsintsiya suna fitowa suna komawa, sun fi ashirin. Dukkansu baƙaƙe.

"Jajaye na ajiye," ya ce. "Babarbare, faɗa mini gaskiya. Bijimin wane ne cikinku ya shigo mini garke?"

Na gaya masa mutumin Legas ya ce haka suke fitowa, daga baya su yi ja. Ya ce bai yarda da ni ba, bai yarda da mutumin Legas ba. Ya miƙe ya saɓa sanda a kafaɗa, leɓensa ya fara motsi. Ya kai goma sha huɗu suka watse, ya koma farko.